Jagorar Fassara “Run Amok” Da 'Yan Uwanta Zuwa Hausa

Duk mai fassarar labarai daga Turanci, a gidan rediyo yake ko a jarida ko a shafin intanet, ba zai daɗe ba sai ya haɗu da *run amok*. Yau a ce wani mutum ne da adda a kasuwa, gobe giwaye ne a gonaki, jibi farashin kayan masarufi, wata rana ma a yabi ɗan ƙwallo da ita. Kalmomi biyu ne da ba sa canzawa, amma abin da suke nufi a waɗannan wurare huɗu ya sha bamban ƙwarai. Mai gaggawa yakan ɗauki “ya haukace” ya liƙa wa duka huɗun ya wuce. Wannan fassara nake so mu rabu da ita, domin sau da yawa tana faɗin abin da marubucin asali bai faɗa ba, wani lokaci kuma tana jefa mutanen da ba ruwansu cikin zargi. Hausa tana da kayan aikin da suka fi wannan nesa ba kusa ba, sai dai a san wanne za a ɗauka a ina.

Mataki na farko: cire gudu daga ranka

Abin da ke fara kayar da sabon mai fassara shi ne kalmar *run*. Tun firamare aka koya mana cewa gudu ce, sai hannu ya rubuta “ya gudu” kafin a tsaya a yi tunani. Manhajojin fassara ma sukan faɗa wannan rami. A nan *run* tana nufin shiga wani hali da zarcewa a cikinsa, kamar yadda take a *run wild* da *run dry*. Mutumin da aka ce *he ran amok* mai yiwuwa ya yi ta zagaye yana ɓarna, amma jama'a ne ke tsere masa. Idan ka rubuta “ya gudu”, mai kai hari ya koma mai neman tsira, labarin ya juye baibai.

Za ka ga an rubuta kalma ta biyu *amok*, ko *amuck*, a tsofaffin littattafai har da *amock*. Duk abu ɗaya ne, kuma *amuck* ba ta da dangantaka da *muck* mai nufin taɓo ko ƙazanta. Akwai kuma wata siga da ke rikita mutane, inda furucin ke bin suna kai tsaye, kamar *capitalism run amok*. Wannan siffantawa ce, ma'anarta jari-hujjar da ta wuce gona da iri. Kada ka nemi wani abu da ya faru jiya a cikinta.

Mataki na biyu: san inda ta fito

Kalmar ta harshen Malay ce, wanda ake yi a Malesiya da Indonesiya da Brunei da Singafo. Suna da *amuk*, aikataunta *mengamuk*, wato afka wa mutane cikin tsananin fushi ba tare da tsoron mutuwa ba. Turawan Fotugal, waɗanda suka ci birnin Malaka a 1511, su suka fara kai ta Turai. Wajen 1516 wani daga cikinsu, Duarte Barbosa, ya ambaci mutanen da ake kira *amuco* a tsibirin Jawa. A ƙarni na 17 ta riga ta shiga Ingilishi. Labarin tafiyar Kyaftin James Cook, wanda jirginsa ya tsaya a Batavia, Jakarta ta yau, a 1770, ya ƙara yaɗa ta a Ingila, inda aka danganta abin da shan ofiyom.

Yadda Turawan mulkin mallaka da likitocinsu suka riƙa bayyana shi kusan iri ɗaya ne. Namiji ne da aka ci wa mutunci ko ya yi wata babbar asara. Sai ya yi shiru, ya keɓe kansa yana ta saƙe-saƙe. Rana ɗaya sai ya zaro wuƙar nan tasu mai lanƙwashe-lanƙwashe da suke kira *keris*, ya fita yana sukar duk wanda ya tarar, ɗan uwa da baƙo, har sai an kashe shi ko an danne shi. Idan ya rayu, yakan ce bai tuna komai ba. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, bugun 1994, ya sa *amok* cikin lalurorin da ake dangantawa da wata al'ada, amma bugun 2013 ya cire shi daga wannan jeri. A ganina cirewar ta yi daidai. Turawan da suka mayar da abin tamkar ɗabi'ar jinin Malay ba su yi adalci ba, domin babu nahiyar da ba a samun mutum ya far wa jama'a haka. Jamusawa ma da wannan kalma suke kiran harbe-harben makarantunsu, kamar na Erfurt a 2002, suna cewa *Amoklauf*. Su kuwa masu harshen, a yau suna faɗin *mengamuk* ga giwar da ta fusata, har da yaron da ya kwanta a ƙasa yana birgima don an hana shi alewa.

Amfanin wannan tarihi ga mai fassara shi ne ya nuna abin da ya rage a cikin furucin da abin da ya zube a hanya. Abin da ya rage shi ne rashin linzami, da rashin zaɓen wanda za a taɓa, da ɓarnar da ke biyo baya. Jini da taɓin hankali kuwa sun zama abin da jimla za ta iya ɗauka ko ta bari. Ba ka da izinin ƙara su da kanka.

Mataki na uku: tambayi jimlar kafin ka taɓa alƙalami

Tambaya ta farko, wane ne ya yi? Mutum ɗaya ne, ko taro, ko dabba, ko yara, ko wani abu marar rai kamar farashi da cuta da na'ura? Wannan kaɗai yakan raba maka hanya. Ta biyu, me aka ɓata: rai, ko dukiya, ko kwanciyar hankalin masu gida kawai? Amsar takan zo a ragowar jimlar ko a sakin layin da ke biye, saboda haka kada ka fassara kanun labari kafin ka karanta labarin har ƙarshe. Na san a ɗakin labarai lokaci yakan ƙure, edita yana tsaye a kanka, amma minti biyun da za ka ba karatun sun fi gyaran da za a yi bayan labari ya fita.

Ta uku ita ce wadda aka fi mantawa: abin na lokaci guda ne, ko ya daɗe yana faruwa? Mutumin da ya far wa kasuwa cikin minti goma da 'yan bindigar da suka shekara suna addabar wani yanki duk ana iya cewa sun *run amok*, amma Hausarsu daban. Sai ta ƙarshe, da wane rai marubucin ya yi maganar? Rahoto yake bayarwa, ko suka yake yi, ko wasa, ko yabo?

Mataki na huɗu: zaɓi Hausar da ta dace da mai aikin

Mu fara da wanda ya fi kusa da asali, mutum ɗaya da makami. Ɗauki wannan jimla: *A man ran amok with a machete in the market, injuring six people.* Hausar da ta zauna ita ce: “Wani mutum ya far wa jama'a da sara kan mai uwa da wabi a kasuwa, ya raunata mutum shida.” Dubi yadda aikin ya rabu. “Far wa” ko “afka wa” ta ɗauki bazatar. “Kan mai uwa da wabi” ta ɗauki rashin zaɓe, kuma babu wani furuci a Hausa da ya fi shi kusa da zuciyar *amok*. “Sara” kuwa ta faɗi aikin da kansa, har ta nuna irin makamin, ko da yake in akwai wuri sai ka ƙara “da adda”. Bahaushe yana son a kira aiki da sunansa. In wuƙa ce, suka ko daɓawa; in bindiga ce, “ya buɗe wuta” ko “harbin kan mai uwa da wabi”; in mota ce, “ya kutsa da mota cikin jama'a”. Turanci yakan tsaya a kan halin da mutumin ya shiga, mu kuma mukan tafi kan abin da hannunsa ya yi.

A nan akwai wata baiwa ta nahawun Hausa da masu fassara ba su cika mora ba, wato ninka gaɓar aikatau. “Ya sari mutum” sara ɗaya ne. “Ya sassari mutane” ya riga ya gaya maka cewa an yi ta yi, a kan mutane da yawa, ba tsayawa. Haka “sun fasa” da “sun farfasa”, “sun karya” da “sun kakkarya”, “sun taka” da “sun tattake”. Ƙara da “yi ta”, kamar “ya yi ta harbi”, da jam'in aiki irin su ƙone-ƙone da fashe-fashe. Sau da yawa duk zafin da *amok* ke ɗauke da shi yana shiga cikin wannan ninki, har ba ka bukatar wani salon magana a kai. “Sun farfasa shaguna, sun ƙoƙƙona motoci” ta wadatar, kuma ta fi gajarta a bakin mai karanta labarai.

Idan taro ne, kalmominka su ne ta'adi, ɓarna, tarzoma, yamutsi, hargitsi. *Thugs ran amok after the rally* za ta zama “'Yan daba sun yi ta ta'adi bayan an tashi daga taron”, in a Kano abin ya faru. A Gombe 'yan kalare za ka ce, a Bauchi 'yan sara-suka. Amma kada ka ɗauki waɗannan sunaye ka kai su ƙasar waje. Matasan da suka farfasa shaguna a Landan a watan Agustan 2011 masu tarzoma ne ko ɓata-gari; kiran su 'yan daba zai sa mai sauraro ya zana hoton da ba shi ne ba. Ka kuma kiyaye tsakanin zanga-zanga da tarzoma. In an ce *protesters ran amok*, abin da ya fi adalci shi ne “zanga-zangar ta rikiɗe ta koma tarzoma”, ko “wasu daga cikin masu zanga-zangar sun shiga ƙone-ƙone” in labarin ya nuna wasu ne, domin kada a shafa wa dubban mutane laifin ɗaruruwa.

Sai furucin da kowa ke gaggawar ɗauka, “cin kare babu babbaka”. Yana da daɗi, kuma a wurinsa babu kamarsa, amma wurin nasa ƙayyadadde ne. Mai cin karensa babu babbaka yana cikin hankalinsa sarai, yana yin abin da ya ga dama ne saboda ya san babu mai tsawata masa. Saboda haka ya dace da abin da ya daɗe: 'yan bindigar da suka mamaye dazuka, jami'an da ke wawure dukiya, masu ɓoye kaya don ya yi tsada. *Bandits have been running amok in the area for months* ta zama “'Yan bindiga sun shafe watanni suna cin karensu babu babbaka a yankin”. Amma ba za ka faɗe shi ga mutumin da idonsa ya rufe ya sassari mutane cikin minti goma aka danne shi ba. Wannan bai ci komai cikin kwanciyar hankali ba.

Dabbobi suna da nasu kalmomi, kuma mahauta da makiyaya sun riga sun tanadar mana su. Sa yakan ƙwace, ko ya tsinke igiya, ya bi mutane da tunkuyi. Doki yakan yi tutsu. Giwayen da kan fito daga dajin Yankari su shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye, cewa ake yi sun yi ɓarna, sun tattake amfanin gona. Hattara da kare musamman. In ka rubuta “kare ya haukace”, Bahaushe zai fahimci ciwon haukan kare ne, cutar da ke kisa, wadda ke bukatar a garzaya da wanda aka ciza asibiti. In labarin bai ambaci cutar ba, ka ce “kare ya ɓalle ya ciji mutane”, ka tsaya nan.

Yara kuwa sauƙi gare su. *The children ran amok while their mother was out* ba ta wuce “Yaran sun yi kaca-kaca da gidan kafin uwarsu ta dawo” ba, ko “sun yi ta ƙiriniya, sun hana kowa sakat”.

Inda aikin ya fi bukatar natsuwa shi ne abubuwa marasa rai, domin a nan ne marubutan sharhi suka fi amfani da furucin, kuma kowane abu da yadda Hausa ke faɗin fitarsa daga hannu. Farashi yakan yi tashin gwauron zabi. Cin hanci yakan yi katutu, ko ya zama ruwan dare. Matsalar tsaro takan ta'azzara, ta yi ƙamari, in ta kai maƙura a ce ta gagari kundila. Jita-jita takan bazu. Doka ko ƙa'idar ofis da aka tsananta har ta zama cutarwa, cewa za ka yi ta wuce gona da iri. In mai aiwatar da ita ne ya zaƙe fiye da wanda ya sa shi, ya wuce makaɗi da rawa. Na'ura ko manhaja da ta daina bin umarni, aron kalmar direbobi ya fi dacewa da ita: mota takan ƙwace wa direba, haka ƙirƙirarriyar basira za a ce ana tsoron ta ƙwace wa masu ita. *His imagination ran amok* kuma ita ce “zuciya ta yi ta saƙa masa abubuwa iri-iri”.

Rubutun lafiya yana bukatar kulawa ta daban. Likitocin Turai suna son cewa ciwon daji *cells run amok* ne, ko su ce garkuwar jiki ta *run amok*. A nan ka ajiye adon magana gaba ɗaya, ka faɗi abin da ke faruwa, domin mai karatu na iya zama majiyyaci ko mai jinya. A ciwon daji, ƙwayoyin halittar jiki ne ke ta rarrabuwa suna yawaita ba tsayawa, jiki ya kasa taka musu birki. A ɗaya kuwa, garkuwar jiki ce ta juya tana yaƙar jikin da ya kamata ta kare. Wanda aka gaya wa haka ya ƙaru da wani abu. Wanda aka ce wa “ƙwayoyin jikinka sun haukace” tsoro kawai aka ƙara masa.

A filin ƙwallo furucin yabo ne. *The striker ran amok in the second half* tana nufin ɗan wasan gaba ya gagari masu tsaron baya. Masu sharhin wasanni suna da abin faɗa a shirye: ya yi wasan kura da su, ya addabe su, ya hana su sakat. A nan ma “ya ci karensa babu babbaka” ta zauna daram, tunda yana yin yadda ya so ne babu mai tare shi.

Mataki na biyar: kada ka haukatar da wanda ba a ce mahaukaci ba ne

Wannan shi ne matakin da ya fi damuna. A kunnen Bahaushe, “mahaukaci” hukunci ne. Kowa ya tashi da sanin hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya dawo hankalinsa. Dokar ƙasa ma haka, sashe na 51 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a arewacin Najeriya ya ɗauke laifi daga wanda rashin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa. To in ka fassara *gunman runs amok* da “ɗan bindiga ya haukace”, ka riga alƙali da likita yanke hukunci, ka ba mutumin uzurin da ba wanda ya tabbatar. 'Yan uwan waɗanda aka kashe suna sauraro, kuma abin da za su ji shi ne an ce ba laifin kowa ba ne.

Cutarwar tana da fuska ta biyu. Masu fama da lalurar ƙwaƙwalwa a garuruwanmu, mafi yawansu ba su taɓa cutar da kowa ba, su ake jifa, su ake ɗaurewa da mari. Duk lokacin da aka haɗa kalmar hauka da kisan jama'a a rediyo ba da hujja ba, an ƙara wa maƙwabta tsoronsu, an ƙara wa iyali dalilin ɓoye majiyyaci maimakon kai shi asibiti. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma cikin manufofinta akwai kare mutuncin waɗannan bayin Allah. Bakin mai fassara yana iya taimaka wa wannan manufa ko ya rushe ta.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. In labarin ya ce 'yan sanda ko likitoci sun bayyana cewa mutumin yana da lalura, ka faɗa, ka jingina maganar gare su: “'Yan sanda sun ce yana da taɓin hankali.” In bai ce ba, ka faɗi aikin ka bar dalilin. Haka kada ka ƙara “ya sha ƙwaya”, kada ka ce “aljanunsa sun tashi”, kada ka kawo bori, sai in suna cikin rubutun asali. A ƙagaggen labari ko fassarar fim kuwa hannunka a sake yake, domin a hirar yau da kullum “ya haukace mana” tana nufin ya yi faɗa sosai, kuma kowa ya san haka. Uwa tana iya ce wa ɗanta, “Kai, kada babanku ya dawo ya haukace mana,” ba wanda zai nemi likita.

Mataki na shida: rarrabe ta da 'yan uwanta

*Go berserk* ita ce ta fi kusa. Ta fito ne daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, inda *berserkr* ke nufin wani irin mayaƙi, kuma an fi fassara sunan da mai rigar fatar *bear*, wata ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi. Snorri Sturluson, marubucin Aisland na ƙarni na 13, ya bayyana su da cewa suna shiga yaƙi ba sulke, suna cizon garkuwoyinsu, wuta da ƙarfe ba sa cin su. Bahaushen da ya ji wannan zai tuna da 'yan tauri, kuma kamar ta yi, amma a Turancin yau ba wannan ake nufi ba. Bambancinta da *amok* shi ne ta fi karkata ga fushin da ya ɓarke, ko da a kan mutum ɗaya ne, ko da ba a taɓa kowa ba. Hausarta: ya harzuƙa, ya hasala, idonsa ya rufe, ya hau dokin zuciya. In taron 'yan kallo ne aka ce sun *went berserk* bayan an ci ƙwallo, murna ce: wuri ya kaure da sowa.

*Go postal* ta Amurka ce zalla. Ta samo asali daga jerin harbe-harben da wasu ma'aikatan gidan waya suka yi a wuraren aikinsu, mafi muni shi ne na garin Edmond a jihar Oklahoma a watan Agustan 1986, inda wani ma'aikaci ya kashe abokan aikinsa 14. Yau ana faɗinta ga wanda takaicin aiki ya sa ya fashe da fushi. Kada ka ambaci gidan waya a fassararka. “Takaici ya ishe shi ya far wa abokan aikinsa”, da faɗa ko da makami, gwargwadon abin da labarin ya nuna. *Go on the rampage* da *run riot* kusan duk abin da aka faɗa a kan taro da dabbobi ya hau kansu. *Go haywire* ta na'ura ce da tsari: ta rikice, ta birkice. *Go ballistic* fushin baki ne, ya yi ta faɗa kamar zai ari baki.

*Run around like a headless chicken* kuwa ba ta da ɓarna ko kaɗan, ruɗewa ce da kai-komo marar amfani. Kada ka kawo kazar cikin Hausa, domin mu kazar da aka yanka shure-shuren mutuwa take tuna mana. Ka ce ya kiɗime, ya rasa inda zai sa kansa, yana ta safa da marwa.

Abokan aikinmu na Nijar da ke fassara daga Faransanci suna da irin wannan tarko a kalmar *forcené*, wadda jaridun Faransa ke kiran mutumin da ya ɗauki makami ya far wa jama'a ko ya kulle kansa a gida yana barazana. Duk abin da aka faɗa a mataki na biyar ya shafe ta.

Mataki na bakwai: gwada a kunnen wanda bai ga Turancin ba

Ƙamus yana da amfani wajen tabbatar da kalmar da ka riga ka zaɓa. Na Bargery na 1934 yana da zurfi a kan tsofaffin kalmomi, na Jami'ar Bayero na 2006 kuma Hausa yake bayyanawa da Hausa. Amma ƙamus ba ya ganin jimlarka. Gwajin gaskiya shi ne ka karanta wa wani fassarar da babbar murya, wanda bai ga asalin ba, ka tambaye shi: me ya faru, an rasa rai, mutumin yana cikin hankalinsa? In amsarsa ta ƙunshi abin da ba ya cikin Turancin, ka ƙara. In ta rasa wani abu, ka rage. Tafinta a kotu ba shi da wannan dama, saboda haka in shaida ya ce *he ran amok*, abin da ya fi aminci shi ne ya nemi izinin alƙali a tambayi shaidan me ya gani da idonsa, sannan ya fassara amsar.

Ga misali guda da ya haɗa uku a wuri ɗaya: *Fans ran amok after the final whistle, tearing up seats and attacking stewards, while rumours ran amok online that a player had been killed. “The place went berserk,” one witness said.*

Fassarar gaggawa za ta haukatar da magoya baya, ta haukatar da jita-jita, ta haukatar da filin. Ga yadda za ta fita in an bi matakan: “Ana busa tashi magoya baya suka shiga ta'adi, suka ɓaɓɓalle kujeru, suka far wa masu kula da tsari a filin. A intanet kuma jita-jita ta bazu cewa wai an kashe wani ɗan wasa. Wani da abin ya faru a gabansa ya ce, ‘Wuri ya yamutse gaba ɗaya.’”

An raba doguwar jimlar gida biyu saboda numfashin mai karantawa a rediyo. “Ana busa tashi” ta kawo saurin da abin ya fara. “Ɓaɓɓalle” ta nuna yawan kujerun ba tare da an ƙirƙiri adadi ba. Ba a sa “kan mai uwa da wabi” ba, domin labarin ya faɗi waɗanda aka far wa, ba kowa da kowa ba ne. Maganar shaida an bar ta da sauƙin bakin mutum, tunda ba rahoto yake rubutawa ba. Ita kuwa “wai” ɗin nan da ke gaban “an kashe” dole ce: mai sauraron da ya kunna rediyo a tsakiyar jimla zai iya jin “an kashe wani ɗan wasa” kaɗai, kuma “wai” ce za ta sanar da shi cewa maganar ba ta tabbata ba.